Sauka lafiya: me ya sa dawowa daga manyan tsaunukan duniya ta fi hawansu cin rai

A kowane watan Mayu hotuna iri ɗaya ne ke zagaya duniya daga tsaunin Everest: mutum cikin rigar sanyi mai kauri, fuska a rufe, tutar ƙasarsa a hannu, gizagizai a ƙarƙashin ƙafafunsa. Galibin kafofin watsa labarai a nan suke rufe labarin. Su kuwa masu hawan tsauni da likitocin da ke kula da su sun san cewa mai wannan hoto rabin tafiyarsa kawai ya yi, kuma rabin da ya rage shi ya fi haɗari. Addu'ar da Bahaushe ke yi wa matafiyi, cewa a sauka lafiya, a can sama ita ce ainihin maganar.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tsaunuka 14 ne a duniya tsayinsu ya zarce mita 8,000, dukansu a yankunan Himalaya da Karakoram, tsakanin Nepal, Sin, Pakistan da Indiya. Everest ya fi su duka, da mita 8,848.86 bisa awon da Nepal da Sin suka bayyana tare a 2020. Don a kwatanta, ƙololuwar tsaunukan Bagzam da ke yankin Ayar na jihar Agadas, wurin da ya fi ko'ina tudu a Nijar, mita 2,022 ce. Wato sai an ɗora Bagzam huɗu bisa juna, da ɗoriya, kafin a kamo Everest.

A 2008 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin likita Paul Firth ta wallafa nazari a mujallar likitocin Birtaniya kan mace-macen da aka yi a Everest daga 1921 zuwa 2006. Cikin mutum 94 da suka mutu bayan sun haura mita 8,000, mutum 53, wato kashi 56 cikin 100, sun mutu ne a hanyar saukowa bayan sun taka ƙololuwa. Wasu 16 sun mutu bayan sun juyo ba su kai ba. Mutum 9 kacal suka mutu suna cikin hawa. Nazarin ya kuma lura da abubuwan da suka yawaita ga mamatan: gajiya mai tsanani tun da wuri, isa ƙololuwa a makare, da rikicewar tunani.

Abin da ke samun jiki a can sama

Iskar da ke kan Everest tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100, daidai da ta Maraɗi ko Tawa. Bambancin yana ga nauyin iskar. A ƙololuwa nauyinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ake samu a bakin teku, don haka kowane numfashi yana kai wa jini kusan sulusin abin da ya saba samu. Daga mita 8,000 zuwa sama jiki ba ya iya sabawa, sai dai ya riƙa lalacewa awa bayan awa. Shi ya sa ake kiran wurin yankin mutuwa.

A gefen Nepal, zango na ƙarshe yana kusan mita 7,900. Daga nan ake tashi cikin dare, a yi awa takwas zuwa goma sha biyu ana hawa. Kafin mutum ya juyo ya kwana bai yi barci ba, bai ci abin kirki ba, ruwan jikinsa ya ƙafe saboda busasshiyar iska da yawan haki, ruwan gorarsa kuma sau da yawa ya daskare. Kwalbar oksijin da yake goye da ita awowi ƙididdigaggu take yi. Idan aka samu cunkoso a kan igiya, kamar wanda aka ɗauki hotonsa ranar 22 ga Mayun 2019, lissafin ya rushe: iskar takan ƙare wa mutum yana tsaye cikin layi. Mutum 11 suka mutu a Everest a kakar wannan shekarar.

Cututtuka biyu ne aka fi tsoro. Ɗaya ruwa ne ke taruwa a huhu, mutum ya riƙa tari yana kasa numfashi. Ɗayar kumburin ƙwaƙwalwa ce, wadda ke sa tangaɗi kamar na mashayi, da ganin abin da babu, da yanke shawarar da mai hankali ba zai yanke ba. An sha ganin wanda ya zauna don ya ɗan huta bai sake tashi ba, ko wanda ya tuɓe safar hannu cikin sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Ita kanta gangara ta fi hawa wuyar taka wa: nauyin jiki yana tura mutum gaba, ƙafafu sun yi laushi, rana ta sassauta dusar ƙanƙara, kuma a waɗannan tsaunuka da yamma ne hadari ya fi taso wa.

Saboda haka ne masu shirya tafiya ke tsayar da lokacin juyowa, galibi tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 2 na rana, ko an kai ko ba a kai ba. Ranar 10 ga Mayun 1996 wasu ayari sun saɓa wannan ƙa'ida a Everest, har akwai waɗanda suka isa ƙololuwa wajen ƙarfe 4 na yamma. Guguwa ta riske su a hanyar dawowa, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da shugabannin ayari biyu, Rob Hall da Scott Fischer. A farkon Agustan 2008 kuma, a tsaunin K2 na Pakistan mai mita 8,611, wani ɓangaren ƙanƙara ya karye ya tsinke igiyoyin da masu hawa suka dogara da su don saukowa. Mutum 11 suka mutu a wannan karon, akasarinsu a hanyar dawowa.

Annapurna, 1950: kwana 44 kafin a ga gida

Babu labarin da ya fi nuna tsawon hanyar gida kamar na ayarin Faransawa da suka fara taka tsauni mai sama da mita 8,000. Ranar 3 ga Yunin 1950, wajen ƙarfe 2 na rana, shugaban ayarin Maurice Herzog da Louis Lachenal, wanda sana'arsa ita ce jagorancin masu hawan dutse a Chamonix, suka isa ƙololuwar Annapurna a Nepal, mai mita 8,091, ba tare da kwalbar oksijin ba.

Matsala ta fara tun ba su yi nisa da saukowa ba. Herzog ya cire safar hannunsa don ya buɗe jaka, safar ta sulale ta gangara, yana kallo. Akwai safar ƙafa ta ajiya a cikin jakarsa da zai iya rufe hannuwan da ita, amma tunanin bai zo masa ba. Lachenal ya zame ya faɗi ya wuce tantin zango na biyar, sai da Lionel Terray ya fita ya ɗauko shi. Terray da Gaston Rébuffat, waɗanda su ma suka hau da niyyar gwada ƙololuwa washegari, suka kwana suna murza daskararrun yatsun abokansu suna bugunsu da igiya, yadda aka yi imani a wancan zamani. Likitoci a yau sun tabbatar cewa wannan ƙara lalata naman yake yi.

Ranar 4 ga wata su huɗun suka kama hanya cikin guguwar dusar ƙanƙara, suka ɓata. Ƙafafun Lachenal sun kumbura har takalmansa ba sa shiga, Terray ya ba shi nasa da suka fi girma. Da dare ya yi ba su ga zango ba, suka kwana cikin wata tsagar ƙanƙara da Lachenal ya faɗa ciki. Da asuba dusa ta zubo ta binne musu takalma da kaya. Terray da Rébuffat, da suka cire tabarau a jiya don neman hanya, suka wayi gari ba sa gani, hasken dusa ya ƙona musu ido. Abokinsu Marcel Schatz ne ya tsince su da safiyar 5 ga wata, ashe tazara kaɗan ce tsakaninsu da tantin da suka kwana nema. Ko a ranar ba su tsira ba: zaftarewar dusar ƙanƙara ta kwashi Herzog da ƴan ƙabilar Sherpa biyu da ke ɗaure a igiya ɗaya da shi, sai dai igiyar ta sarƙe ta tsayar da su, suka rayu.

A zango na biyu likitan ayarin, Jacques Oudot, ya fara yi wa majinyatan biyu allurai masu tsananin zafi a manyan jijiyoyin jini, da fatan jini zai koma yatsu. Daga nan aka shiga kashi mafi tsawo na tafiyar. Babu hanyar mota, babu jirgi. Daminar Asiya ta sauka, koguna sun cika, ga kwazazzabon Miristi Khola mai santsi da za a ƙetare. Ƴan Sherpa da ƴan dako ƴan Nepal ne suka goya mutanen biyu a baya, a wasu wuraren suka ɗauke su bisa gadon marasa lafiya, mako bayan mako. Yayin da ayarin ke gangarowa cikin zafi, yatsun suka fara ruɓewa. Oudot ya riƙa yanke su ɗaya bayan ɗaya a bakin hanya, a gefen gonakin shinkafa, har da cikin jirgin ƙasa bayan sun isa Indiya a farkon watan Yuli, sau da yawa ba tare da maganin kashe zafi ba. Sai ranar 17 ga Yuli jirginsu ya sauka a filin Orly na Paris, inda aka sauko da mutanen biyu a hannu. Herzog ya rasa yatsun ƙafa duka da kusan dukan na hannu. Lachenal ya rasa yatsun ƙafa duka. Shekara 20 aka yi kafin wani ya sake taka ƙololuwar Annapurna, a 1970.

Hanyar gida a yau

Abubuwa sun sauya, amma matakan suna nan. Mai saukowa daga Everest ta gefen Nepal yakan kwana a zango na huɗu ko ya matsa ƙasa idan yana da sauran ƙarfi, sannan ya bi gangaren Lhotse zuwa zango na biyu, a kusan mita 6,400. Tsakaninsa da babban zango, mai mita 5,364, akwai wurin da ake kira gangaren ƙanƙarar Khumbu, inda tubalan ƙanƙara masu girman gidan bene ke motsi, ana ƙetare ramuka bisa tsani. A nan ne zaftarewa ta kashe ma'aikata ƴan Nepal 16 ranar 18 ga Afrilun 2014. Mai saukowa yana iya hango tantunan babban zango tun daga sama, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Daga babban zango akwai tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 65, kwana uku zuwa huɗu, zuwa garin Lukla. Filin jirgin garin titinsa mita 527 ne kawai, dutse a bayansa, kwari a gabansa, kuma idan hazo ya rufe akan yi kwanaki ana jiran jirgi. Daga Lukla kusan rabin awa ne a sama zuwa Katmandu. Masu hali kan yanke wannan duka, su hau jirgi mai saukar ungulu daga babban zango.

Shi wannan jirgin ne babban bambanci tsakanin yau da 1950. Yana iya ɗauko majinyaci daga zango na biyu idan sama ta yi kyau, amma a yankin mutuwa har yanzu ƙafa da igiya ne kawai. Labarin Bafaranshiya Élisabeth Revol ya nuna iyakar abin. Ranar 25 ga Janairun 2018, cikin hunturu, ita da ɗan Poland Tomasz Mackiewicz suka kai ƙololuwar Nanga Parbat a Pakistan. A nan idon abokin tafiyarta ya daina gani. Ta jagorance shi zuwa kusan mita 7,200, inda ya kasa ci gaba, ta bar shi a wani wuri mai kariya daga iska ta ci gaba da sauka. Jiragen sojan Pakistan suka ɗauko wasu gwanayen hawa daga K2 suka sauke su a ƙasan tsaunin. Biyu daga cikinsu, Denis Urubko da Adam Bielecki, suka kwana suna hawa cikin duhu har suka same ta. Mackiewicz kuwa ba a iya kai wa gare shi ba, yana can har yau.

An kai Revol asibitin Sallanches a Faransa da daskararrun yatsu, kuma ba a yanke mata ko ɗaya ba. Maganin ya bambanta da na zamanin Oudot. Yanzu ana jiƙa gaɓar cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, ba a murzawa, ba a kuma narkar da ita idan akwai yiwuwar ta sake daskarewa a hanya. Akwai magungunan buɗe hanyoyin jini da ke ceto yatsu idan an ba da su cikin kwanakin farko. Yanka kuwa akan jinkirta shi makonni, har sai iyakar mataccen nama ta fito fili.

Ga ma'aikatan tsaunin, tafiya ba ta ƙarewa ranar da baƙo ya hau jirgi. Ƴan Sherpa ne ke komawa sama su kwance tantuna, su sauko da kwalaben iska da shara, suna ratsa gangaren Khumbu sau da dama kafin a janye tsani a ƙarshen Mayu. Ɗaya daga cikinsu, Kami Rita Sherpa, ya taka ƙololuwar Everest karo na 31 a watan Mayun 2025, kuma kowane karo ya sauko da ƙafarsa.

Tambayoyin Katmandu

A Katmandu wani aiki na jiran mai dawowa, wato tabbatar da cewa ya kai inda ya ce ya kai. Ma'aikatar yawon buɗe ido ta Nepal ce ke ba da takardar shaida, bisa hotuna da rahoton ayari. Kuɗin izinin hawa kaɗai, wanda ya tashi daga dalar Amurka 11,000 zuwa 15,000 a watan Satumban 2025, ya haura miliyan 8 na sefa, ban da kuɗin jagora, abinci da iska. Wanda ya kashe irin wannan dukiya yana jin nauyin komawa gida hannu rabbana, kuma wannan nauyin na cikin abin da ke hana mutane juyowa a kan lokaci. Yakan kuma kai wasu ga ƙarya: a 2016 hukumomin Nepal sun haramta wa wasu ma'aurata ƴan sandan Indiya hawa na shekara 10 bayan an gano sun haɗa hoton ƙololuwa na jabu.

Shekaru fiye da 50 wata ƴar jaridar Amurka mazauniyar Katmandu, Elizabeth Hawley, ta yi tana bin masu dawowa har masaukinsu tana yi musu tambayoyi: ƙarfe nawa suka isa, me suka gani, wa ke gaba, wa ke baya. Ita ba ta taɓa hawan tsauni ba, amma kundin da ta tara shi ne madogarar masu bincike har yau. Ta rasu a Janairun 2018 tana da shekara 94.

Bayan an shiga gida

Wanda ya yi makonni shida zuwa takwas a tsauni yakan dawo a rame, tsokar jikinsa ta zube, leɓɓansa sun tsage, da busasshen tarin da kan kai ga karya haƙarƙari. Ƙarin ƙwayoyin jinin da jiki ya ƙera don jure ƙarancin iska sukan koma yadda suke cikin ƴan makonni. Abin da ya fi daɗewa shi ne na zuci, musamman ga wanda ya baro abokin tafiya a sama kuma dole ya fuskanci iyalinsa da tambayoyin jama'a.

Ko waɗanda suka dawo tare ba gida ɗaya suke tararwa ba. Herzog ya shifta littafinsa kan Annapurna daga gadon asibiti, aka buga shi a 1951, aka sayar da miliyoyin kwafi. A 1958 Janar de Gaulle ya damƙa masa harkokin matasa da wasanni, muƙamin da yake riƙe da shi lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, daga baya ya zama magajin garin Chamonix. Ya rasu a Disamban 2012 yana da shekara 93. Lachenal kuwa da ƙafa yake cin abinci. Ya sha fiɗa iri-iri kafin ya iya komawa aikinsa, kuma a Nuwamban 1955 ya faɗa wata tsagar ƙanƙara kusa da Chamonix ya mutu yana da shekara 34. Littafin da aka fitar da sunansa a 1956 an tace shi, sai a 1996 aka buga rubutunsa na asali. A ciki ya nuna cewa ya so juyowa a ranar 3 ga Yuni don ya ji ƙafafunsa na daskarewa, amma ya bi Herzog saboda ya tabbata idan ya bar shi shi kaɗai ba zai dawo ba.

Akwai kuma waɗanda tsaunin ya riƙe. Sama da mutum 330 suka mutu a Everest tun fara ƙoƙarin hawansa, kuma gawawwaki da dama suna can, domin sauko da daskararriyar gawa daga mita 8,000 na buƙatar mutane da yawa da za su sa ransu cikin haɗari. Ɗan Ingila George Mallory ya ɓace a Yunin 1924, sai a Mayun 1999 aka ga gawarsa, bayan shekara 75. A 2024 aikin tsabtace tsaunuka da sojojin Nepal suka jagoranta ya sauko da gawa huɗu da ƙwarangwal ɗaya, tare da tan 11 na shara. Iyalai da yawa sun yi zaman makoki ba su ga gawa ba.

A ayarin 1950 akwai mutum guda da ya yi lissafin dawowa tun kafin a kai. Ang Tharkay, shugaban ƴan Sherpa na ayarin, ya kai kaya har zango na biyar, kuma Herzog ya gayyace shi su hau ƙololuwa tare. Ya yi godiya ya ƙi, ya ce ƙafafunsa sun fara sanyi, ya juya ƙasa. Bayan kwanaki kaɗan yana cikin waɗanda suka tsara yadda za a fitar da majinyatan biyu daga tsaunin. Ya ci gaba da aikinsa shekaru masu yawa bayan haka, ya rasu a Katmandu a 1981.